Yadda Ake Fita da Yara Su Tsinto Haiku a Hanya

Ranar farko da na ce wa 'yan aji biyar su rubuta mini waƙa a kan damina, muna zaune cikin aji, tagogi a rufe saboda iska. Abin da suka kawo kusan bakinsu ɗaya: damina uwar albarka, manoma suna murna, amfanin gona ya yi kyau. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sai dai babu wanda ya jiƙa ƙafarsa a cikin waƙar. Abin da suka ji a bakin manya ne suka maido mini. Bayan mako biyu na kwashe su muka zaga bayan makaranta da safe, an kwana ana ruwa. Wani yaro da ba ya cika magana a aji ya tsuguna gindin katanga ya daɗe, har na fara tunanin ko ciki ne ya murɗa masa. Da muka dawo, ga abin da muka fitar daga takardarsa:

Ƙadandoniya
na taɓa ta da tsinke
ta zama gammo

Tun daga ranar ban ƙara sa yaro ya rubuta waƙar yanayi yana zaune a kan benci ba.

Abin da ya kamata babba ya fara sani

Haiku gajeriyar waƙa ce ta mutanen Japan. Baiti ɗaya ne tak, idan za mu faɗa da yaren ɗaliban Hausa sai mu ce 'yar ƙwar uku ce: ɗango na farko gaɓa 5, na biyu 7, na uku 5, jimilla 17. Asalinta mabuɗi ce ta wata doguwar waƙa da mawaƙa ke haɗuwa su yi ta karɓa-karɓa, ana kiran mabuɗin hokku. Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ya ɗaukaka darajarta. Wadda aka fi saninsa da ita ta 1686 ce, kuma abin da ke cikinta bai wuce tsohon tafki, da kwaɗo da ya faɗa ciki, da ƙarar ruwa ba. Sunan haiku kuwa Masaoka Shiki ne ya tabbatar da shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma shi ne ya dage cewa mawaƙi ya fita ya zana abin da idonsa ya gani kamar yadda mai zane ke yi. Har yau Japanawa suna da al'adar fita yawo musamman don neman haiku, suna kiran wannan fita ginko. Ita ce za mu ara.

Ban da ƙirgen gaɓa, abu biyu ke riƙe da haiku. Akwai kalmar da ke nuna lokacin shekara, wadda suke kira kigo. Akwai kuma yanka, wato wurin da waƙar ke tsayawa ta rabu gida biyu, hoto ɗaya a nan, wani a can, a bar mai karatu ya haɗa su da kansa. Babu amsa-amo, babu doguwar shimfiɗa, babu gargaɗi a ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba yaranmu wuya, domin sun tashi da rubutacciyar waƙa mai buɗewa da rufewa da darasi a tsakiya. Kada ka rena musu waccan, gado ne mai daraja. Ka ce musu kawai wannan wani kwano ne daban, ƙarami, ba ya ɗaukar tuwo da miya lokaci ɗaya.

Kafin a fita

Ka je ka taka hanyar kai kaɗai tukuna. Ba a bukatar daji, kuma ban ba da shawarar a nausa da yara nesa da gari ba. Bayan makaranta, bakin gona, hanyar rijiya, lambun unguwa, ko filin da ake ɗaure shanu, duk sun isa. Tafiyar da babba zai yi a minti goma ita ce daidai, domin da yara za ta cinye minti arba'in. Idan gonar wani ce, a nemi izininsa. Idan 'ya'yan mutane ne, iyaye su san inda za a je da lokacin dawowa. Babba ɗaya ga yara biyar ko shida. Fiye da haka kiwo za ka koma yi, ba koyarwa ba.

Lokaci biyu ne suka fi: da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar, a dawo kafin magariba. Kowane yaro ya zo da fensir da 'yar takarda da aka naɗe ta shiga aljihu. Kada a ɗauko manyan littattafan makaranta, suna sa yaro ya ji kamar jarrabawa ce. A riƙe gorar ruwa, a sa takalmi mai rufe ƙafa idan akwai.

Dokoki huɗu nake kafawa a bakin ƙofa, ba na ƙarawa don kada su manta. Ba a ɗaga dutse ko tura hannu a rami, sai da tsinke ko kara, saboda kunama da maciji. Ba a sa komai a baki sai na gani na yarda. Ba a shiga kududdufi, ko da ruwan iya idon sawu ne, domin ban da haɗarin zamewa akwai tsargiya. Ba a tsinke tumfafiya, ruwan nan nata fari idan ya shiga ido ba wasa ba ne. Sauran kuwa, su yi ƙura su yi taɓo, wanki ne kawai.

Wani abu mai muhimmanci: kada ka ambaci 5-7-5 kafin fita. Na taɓa yin wannan kuskuren. Yaran suka yi tafiyar gaba ɗaya kansu a sunkuye suna lissafi da yatsu, shamuwa ta ratsa ta samanmu babu wanda ya ɗaga kai. Ka ce musu farauta za a je, abin da za a kamo kuwa kalmomi ne.

A kan hanya

A nan Hausa take da wani tarko da ya kamata ka lura da shi. Kalmar "ji" ta haɗiye kusan komai: na ji ƙara, na ji ƙamshi, na ji sanyi, na ji ɗaci. Idan ka tambayi yaro "me ka ji?" zai ba ka amsa mafi sauƙi, wato "na ji daɗi". Don haka ka rarraba masa. A naɗe takardar gida biyar, kowane gida a rubuta masa suna: ido, kunne, hanci, fata, harshe. Sannan a yi zango-zango, kowane zango da gaɓar jikin da za ta yi aiki.

Ni da kunne nake farawa, domin shi ke kwantar da hayaniya. Mu tsaya a inuwa, kowa ya rufe ido, a yi tsit na minti ɗaya. Karo na farko dariya za ta ɓalle, wannan dole ne. Ka bari ta wuce a sake. Da sun buɗe ido, kowa ya rubuta sauti uku, ɗaya na kusa, ɗaya na nesa, ɗaya wanda bai san mai yin sa ba. Za ka sha mamaki: kukan kurciya, ƙarar daka daga wani gida, injin niƙa, kara yana gogar kara, ƙudan zuma a furen kabewa. Idan yaro ya rubuta babur ko lasifika kada ka soke, a wurin suke, kuma haiku ba ta ƙyamar gari.

Zangon ido shi ne wanda yara ke zaton sun iya, alhali a nan suka fi gaggawa. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce kowa ya zana da'ira a ƙasa da kara, faɗinta kamar faifai, ya tsuguna ya kalli abin da ke ciki kawai har minti uku. Da farko za su ce babu komai. Daga baya sai a fara: tururuwa na jan fiffiken fara, sawun kaza, ƙwayar gero ɗaya da ta tsira ita kaɗai. Bayan nan sai a ɗaga kai sama a yi akasin haka, a kalli abu mafi nisa.

Hanci da fata ana iya haɗa su. A murza ganyen darbejiya ko na tafasa a shinshina. A dafa bawon tsamiya, sannan a dafa jikin kuka, a faɗi bambancin. A sa tafin hannu a ƙasar da rana ta daka, a matsar da shi cikin inuwa. Ƙarangiya kuwa ba sai an neme ta ba, ita za ta nemi gefen hijabi da ƙafar wando, kuma ta cancanci shiga takarda. Harshe shi ne na ƙarshe kuma a hannunka yake: magarya, aduwa, goruba ko tsamiya, gwargwadon abin da lokacin ya kawo, a wanke kafin a ci. Idan babu abin da ka amince da shi a hanyar, ka taho da shi daga gida.

Aikinka a duk tsawon tafiyar tambaya ce, ba bayani ba. Yaro ya ce "tsuntsu", ka ce wanne? Ya ce "bishiya", ka ce wace? Idan bai san sunan ba, ku tambayi mai gona ko wata tsohuwa da kuka tarar a hanya: "Baba, don Allah mene ne sunan wannan ciyawar?" Sau da yawa tare da sunan za a ba ku labarin maganin da take yi. Idan kai ma ba ka sani ba, ka faɗa a gabansu, ba abin kunya ba ne.

Sannan ka buɗe kunne ga kalmomin nan namu masu kwaikwayon abu, irin su tsundum, caɓal, shar, fat, ƙirin, sharkaf, fayau. Yara sun fi manya yawan amfani da su, kuma a waƙar da gaɓa 17 ce kacal, kalma ɗaya irin wannan tana yin aikin jimla guda. Kwaɗon Basho da a gaban ɗan Bahaushe ya faɗa ruwa, "tsundum" zai ce ya wuce wurin. Duk wadda ka ji ta fito daga bakin yaro, ka ce masa maza ya rubuta.

Kalmar lokaci

Da an dawo, a sha ruwa, a zauna a tabarma ko a inuwa. Kafin a fara waƙa, a tambaya: cikin abin da muka rubuta, wanne ne ba za a same shi ba sai a wannan lokacin na shekara? Japanawa suna da littattafai na musamman da suka tattara irin waɗannan kalmomi, ana kiransu saijiki, inda furen wata bishiya mai suna ceri ke nufin lokacin da sanyi ya wuce, dusar ƙanƙara kuma tsakiyar sanyi. Nasu ba zai yi mana aiki ba, yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba bai kamata ya sa ta a waƙa ba. Namu za mu haɗa.

A raba allo ko babbar takarda gida huɗu. Damina ta samu shamuwa, shinge, kwaɗi, talibambam, hadari, ƙadandoniya, yabanya. Kaka ta samu dami, sussuka, ƙaiƙayi, sabuwar gyaɗa, fara, karmami. Hunturu ya samu hazo, kaushi, jin wuta da asuba, furen mangwaro. Bazara ta samu guguwa, zufa, kwana a tsakar gida, nunannen mangwaro, rijiya da ta ja baya. Wannan jerin nawa ne, ku yi naku, domin ruwan da ya sauka a Kaduna sai ya yi makonni kafin ya isa Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, kuma abin da ke nuna kaka a ƙauye ba lalle ne ɗan birni ya san shi ba. Shi wataƙila mai gasa masara a bakin titi ne alamarsa, kuma ta isa.

Wanda ya iya, ba ya ambaton sunan lokacin ma. Duba wannan:

Hazo da safe
kukar bakin kasuwa
ta rasa kanta

Ba a ce hunturu ba, amma har fatarka ta fara bushewa.

Daga takarda zuwa ɗango uku

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne babba ya fi saurin ɓata shi ta hanyar karɓe fensirin. Kowane yaro ya zaɓi abu biyu kacal daga takardarsa, zai fi kyau su fito daga gida daban-daban, misali ɗaya na ido ɗaya na hanci. Ɗaya zai zauna a ɗango guda shi kaɗai, ɗayan ya ɗauki ɗango biyu. Tsakaninsu shi ne yankan. Kada a haɗa su da "saboda" ko "kamar" ko "don haka". A ajiye su gefe da gefe kawai, kamar yadda ake ajiye ƙwarya kusa da ludayi.

Bari in nuna yadda ake tafiya da yaro. Wata yarinya ta rubuta: "Na ga shanu da yawa da fararen tsuntsaye masu kyau, abin ya burge ni." Na ce mata, ɗiyata, wane tsuntsu ne? Ta ce balbela. Guda nawa kika fi kallo? Ta ce ɗaya, wadda ta hau kan sa. A ina a jikinsa? A tozo. Shi kuma me ya yi? Ta yi dariya ta ce ko kulawa bai yi ba, cin karansa kawai yake. Me ya kawo shanu cikin gona? Ai an riga an kwashe gero. Duk abin da ake bukata ya fito daga bakinta, ni dai tambaya na yi:

An kwashe gero
balbela a kan tozo
sa bai kula ba

"Masu kyau" ta fita, "ya burge ni" ta fita. Ka gaya wa yara cewa kalmomin nan, kyau, daɗi, sosai, ban sha'awa, baƙi ne da ke cinye abincin masu gida. Idan abin ya burge ka, ka nuna mana shi, mu ma zai burge mu.

Sai yanzu ake zuwa ƙirge. A tafa hannu a kan kowace gaɓa: bal-be-la-a-kan-to-zo, tafi bakwai. Hausa ta fi Turanci sauƙi a nan nesa ba kusa ba, domin gaɓarta a fili take, kowace tana da wasali ɗaya a tsakiya. Wuraren tuntuɓe kaɗan ne. "Kai", "bai" da "sau" tafi ɗaya-ɗaya ne, ba biyu ba. Baƙi mai ruɓi ana raba shi, gam-mo, yay-ya-fi. Haruffa irin su ts, sh, kw, gy sauti ɗaya ne. Inda aka sa alamar hamza (') kuwa sabuwar gaɓa ta fara, la-'a-sar, tafi uku.

Ga wani abu don malami, ba don yara ba. Abin da Japanawa ke ƙirgawa ba gaɓa ce daidai irin tamu ba. A wurinsu dogon wasali biyu ne, shi ya sa sunan birnin Tokyo yake cin gurbi huɗu. Wanda ya karanci awon waƙar Hausa zai gane wannan nan take, domin shi ne bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi da karin rubutacciyar waƙarmu ya dogara a kai. Amma tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali, kada ka jefa yara cikin wannan rijiyar. Tafi ya wadatar. Idan kuma waƙa ta zo 5-8-5 kuma tana da rai, ni ba na yanka ta don cika ƙa'ida. 'Yan ƙasa da shekara bakwai ma ba na sa su ƙirge sam: gajere, dogo, gajere, su faɗa da baki in rubuta musu.

Kalmominmu dogaye ne, wani lokaci ɗaya takan cinye ɗango sukutum, kuma yara suna murna idan suka gano haka. Ƙadandoniya biyar ce cif. Malam-buɗe-littafi bakwai ce cif:

Furen kabewa
malam-buɗe-littafi
ya rufe shafi

Idan gaɓa ta yi yawa, a fara duba ƙananan kalmomi: "yana" ta koma "na", "a cikin" ta koma "a", "wani" da "wata" su fita. Idan ta gaza, kada a cusa "dai" ko "kuwa" don cike gurbi, a koma takarda a ɗauko wani abin da aka gani. Sai dai akwai ƙananan kalmomin da ke da aiki na gaske. Japananci yana da kalmomin yanka na musamman, kireji, mu kuma muna da "ashe" da "kai" da "fa", waɗanda ke tsayar da numfashi su juya tunani. A yi amfani da su jefi-jefi, kamar gishiri.

Yaro mai wayo zai fara taɓo karin magana ba tare da ya faɗe ta ba, kuma wannan abin a yaba ne:

Rana ta take
ƙadangare na haki
a bakin tulu

Duk Bahaushe ya san ƙadangaren bakin tulu. Waƙar ba ta ce a kashe shi ko a bar shi ba, ta bar ka tsaye da sanda a hannu.

Zaman karatu

Masu haiku a Japan suna da wani zama da suke kira kukai, kuma ya dace da yara ƙwarai. Kowa ya rubuta waƙarsa a 'yar takarda ba suna, a zuba a hula ko ƙwarya, a cakuɗa. Babba ya karanta kowace sau biyu, a hankali, ya ɗan yi shiru a wurin yankan. Kowane yaro ya zaɓi biyu da suka fi kama shi, ban da tasa, ya faɗi abin da ya gani a ransa da ya ji su. Sai a ƙarshe mai waƙa ya ce tawa ce. Amfanin ɓoye suna shi ne ɗan gaban aji ba ya cin zaɓe don sunansa, kuma sau da yawa wanda ake ganin ba ya ja shi ke kwashe hannuwa. Ba na ba da maki, ba na gyara rubutu da jan biro a wannan zaman. Waƙar da babu wanda ya zaɓa, ni nake ɗaukarta in nuna kalma ɗaya mai kyau da ke cikinta, kuma ban taɓa rasawa ba.

Bayan nan a kwafe su a littafi ɗaya na aji ko na gida, kowace da kwanan wata da wurin da aka tsinto ta. Wanda ke son zane ya zana a gefe. Sai a ajiye, a jira lokaci ya juya, a sake bin hanyar nan dai, a tsaya a zangon da aka tsaya a da. Idan akwai gawo a hanyar, ku sa masa ido musamman. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore shar, shi tsirara za ku same shi kamar ya mutu, yara har tausayinsa suke ji. Ku dawo da rani, ciyawa ta ƙone, gonaki sun zama fayau, za ku tarar ya cika da ganye, awaki sun taru a gindinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Kada ka gaya musu tun farko. Ka buɗe littafin a shafin damina, ka miƙa wa wanda ya rubuta cewa gawo ya bushe, ya karanta a tsaye a cikin inuwarsa.